Zaizayar Laka a Tsofaffin Karnuka da Matsayin Gwajin SOD1 Wajen Gano Ta

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ciwon zaizayar laka, wanda likitocin dabbobi suke taƙaita sunansa da DM. Ciwo ne da yake kama karnuka bayan sun manyanta, ya shanye musu ƙafafun baya sannu a hankali. An bibiyi tarihin gano shi tun daga 1973, da yadda aka danganta shi da ƙwayar gado ta SOD1 a 2009, da hanyoyin rarrabe shi da cututtukan da suke kama da shi. Matsayar maƙalar ita ce gwajin gado haɗari kawai yake aunawa, kuma ɗaukarsa a matsayin hukunci yana jawo asarar karnukan da ciwonsu yake da magani, yana kuma ƙuntata irin da ake kiwo.

1.0 Gabatarwa



Sau da yawa kunne ne yake fara gano wannan ciwo kafin ido. Mai gida zai riƙa jin ƙarar farce yana gogar siminti duk lokacin da karensa ya ratsa tsakar gida. In ya ɗaga ƙafar baya ya duba, sai ya ga faratan tsakiya sun cinye, wani lokaci har saman yatsun ya saɓule yana jini. Karen yana cin abincinsa, yana haushi, yana kaɗa wutsiya, ba ya kukan ciwo. Sai dai in ya zo juyawa ƙugunsa ya karkata, ƙafafun baya su harɗe, ya yi tangaɗi. Abin da akasarin masu kare suke cewa a nan shi ne “tsufa ne” ko kuma “sanyin ƙashi ne”. A irin wannan hali ne ake kawo kare asibiti, galibi bayan watanni da fara abin.

Tambayar da maƙalar nan ta sa a gaba ita ce: yaushe ne likita yake da hujjar cewa wannan zaizayar laka ce, kuma wane gurbi gwajin gado yake da shi a cikin wannan hujja?

2.0 Taƙaitaccen tarihi

Damon Averill ne ya fara bayanin ciwon a rubuce a Amurka a 1973, bayan ya binciki tsofaffin karnukan makiyayan Jamus, waɗanda aka fi sani da Alseshiyan. A 1975, Griffiths da Duncan na birnin Gilasgo suka bayyana irinsa, suka ƙara da cewa lalacewar takan taɓa saiwoyin jijiyoyin da suke shiga laka. Daga nan aka shafe fiye da shekara talatin ana ɗaukarsa ciwon Alseshiyan, ana kuma hasashen musabbabinsa. Wasu suka ce ƙarancin sinadaran bitamin E da B12 ne, wasu suka ce garkuwar jiki ce take afka wa laka, wasu suka ce matsalar jijiyoyin jini ce. Babu ɗaya daga cikin waɗannan hasashe da ya tsaya da ƙafafunsa, amma sun bar baya da ƙura, domin har yau ana rubuta magunguna bisa su.

3.0 Abin da yake faruwa a cikin laka

Laka ita ce hanyar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Zaren jijiyoyin da suke cikinta suna kama da wayar lantarki da robar da ta lulluɓe ta: akwai zaren da yake ɗaukar saƙo, akwai kuma rufin kitse mai suna mayelin da yake sa saƙon ya yi sauri. A wannan ciwo zaren da rufinsa duka suke lalacewa, wasu ƙwayoyin tallafi na laka su cike gurbin da tabo. Lalacewar ta fi tsanani a tsakiya zuwa ƙarshen sashen ƙirji na laka, musamman a gefe ta sama, inda hanyoyin da suke sanar da ƙwaƙwalwa matsayin ƙafa suke bi.

Wannan shi ya sa alamar farko take zama rashin sanin inda ƙafa take, tun kafin ƙarfi ya ragu sosai. Gwajin kuwa ba ya buƙatar na'ura. A tallafi karen a ƙugu, a juya tafin ƙafarsa ta baya yadda saman yatsun zai taka ƙasa. Lafiyayyen kare nan take yake mayar da ita daidai. Mai zaizayar laka zai bar ta a haka na wasu daƙiƙu, ko ma ya tsaya a kanta bai san ta juye ba. Yawanci ƙafa ɗaya takan riga ɗaya muni.

Ciwon yakan bayyana ne daga shekara 8 zuwa sama. A manyan karnuka an fi ganinsa wajen shekara 9, a nau'in Korgi kuma wajen shekara 11. Daga fara alamu zuwa lokacin da babban kare zai kasa tashi da ƙafafun baya, akan ɗauki wata 6 zuwa 12. A wannan gaɓa ce yawancin masu manyan karnuka suke yanke shawarar a kawo ƙarshen wahalar, shi ya sa aka daɗe ana zaton nan ciwon yake tsayawa. Karnukan Korgi ne suka nuna sauran labarin, domin ƙanana ne, ɗaukarsu ba wuya, masu su kan ci gaba da jinyarsu. A wurinsu aka ga naman cinya yana motsewa, fitsari da kashi suna kufcewa, sannan rauni ya hau ƙafafun gaba, daga ƙarshe ya kai ga haɗiya da murya da numfashi, bayan kimanin shekara uku.

Akwai sifa guda da ya kamata kowane likita ya riƙe da kyau: wannan ciwo ba ya zuwa da zafi. Idan aka danna gadon baya kare ya yi ƙara ko ya juyo zai yi cizo, to a nemi wani abu daban, ko a nemi wani abu da yake tare da shi.

4.0 Ƙwayar SOD1

A 2009 ne aka samu sauyi babba. Ayarin masu bincike na Jami'ar Misuri, ciki har da Joan Coates da Gary Johnson, tare da ayarin Kerstin Lindblad-Toh na Cibiyar Broad, suka kwatanta kundin gadon karnukan Korgi 38 masu ciwon da na wasu 17 marasa shi. Sakamakon, wanda ya fito a mujallar PNAS da sunan Awano a gaba, ya nuna wani wuri a kan kromosom na 31, inda ƙwayar SOD1 take. Harafi ɗaya ne ya canza, a matsayi na 118, inda G ta koma A. Wannan ya sauya tubali na 40 na furotin ɗin, shi ya sa ake kiran canjin E40K. An sami wannan canji a Alseshiyan da Boksa da Rijbak na Rodeshiya da karen Cesafik masu ciwon.

Aikin SOD1 a lafiyayyen jiki shi ne kawar da wani sinadari mai guba da ƙwayoyin jiki suke fitarwa yayin amfani da iskar oksijin. Mutum zai yi zaton canjin yana kashe wannan aiki ne, amma binciken da ya biyo baya ya nuna furotin ɗin yana ci gaba da aikinsa. Matsalar ita ce yana naɗewa ba daidai ba, ya dunƙule a cikin ƙwayoyin jijiya. Wannan tari da yake ƙaruwa shekara da shekaru ne ake ganin yana cutar da su, kuma ya dace da yadda ciwon ba ya fitowa sai a tsufa.

Gwajin da aka samar daga wannan bincike mai sauƙi ne: ɗigon jini, ko auduga da aka goga a cikin kuncin kare. Sakamako uku ne yake fitowa. G/G na nufin karen bai gaji canjin ba. A/G na nufin ya gada daga ɓangare ɗaya. A/A na nufin ya gada daga uwa da uba, kuma ɗakunan gwaji suna rubuta cewa yana cikin haɗari.

A nan nake son mu dakata, domin nan ne kuskure yake aukuwa. Tun a binciken 2009 ɗin an ga karnuka masu A/A da ba su da ciwon. A 2014, Zeng da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin karnuka 33,747 daga nau'i 222, suka tarar da canjin a nau'i 124. A Korgi da Boksa yawansa ya haura kashi 70 cikin 100, a Alseshiyan ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku. A wani nau'in Foks Teriya mai kaushin gashi ya haura kashi 90 cikin 100, alhali wannan nau'i bai shahara da ciwon ba. Wannan bincike ya kuma tabbatar da ciwon a gawar wasu 'yan karnuka masu A/G. A 2011 an riga an gano wani canji na biyu a SOD1, a matsayi na 52, a karen Banis na tsaunukan Suwizalan, wanda gwajin farko ba ya ganinsa. A 2016 kuma Ivansson da abokan aikinta suka nuna cewa wata ƙwaya mai suna SP110 tana da hannu wajen tantance wane Korgi mai A/A ne zai kamu, da kuma a wace shekara.

Ma'anar wannan a ɗakin duba marasa lafiya a fili take. A ɗauki Boksa ɗan shekara 9 da aka kawo yana jan ƙafa. Tun kafin a taɓa shi, akwai yiwuwar kusan rabi cewa A/A ne, ko da abin da yake damunsa ƙari ne ko faifan baya. Sakamakon A/A a irin wannan kare bai ƙara wa likita wani ilimi mai yawa ba. Sakamakon G/G ne ya fi amfani, domin yana rage yiwuwar ciwon ƙwarai, yana tilasta wa likita ya koma ya sake lale.

5.0 Rarrabewa da makamantansa

Har yau babu hanyar tabbatar da zaizayar laka ɗari bisa ɗari sai ta binciken gawa, a yanka laka a duba ta a ƙarƙashin madubin likita. A kare mai rai, ana kaiwa gare ta ne bayan an kore sauran.

Na farko a jerin shi ne bulluƙowar faifan guringuntsin da yake tsakanin ƙasusuwan baya, irin wanda yake turowa a hankali ya danne laka. Shekarun kamuwa ɗaya ne, nau'in karnukan ɗaya ne, tafiyar ma kusan ɗaya ce, amma shi ana iya yi masa tiyata. Sai matsewar jijiyoyi a mahaɗar ƙugu, wadda ta yi yawa a Alseshiyan masu aikin tsaro, tana zuwa da zafi in an ɗaga wutsiya. Sai ƙari a laka ko a ƙashin baya, da ruɓewar faifai saboda ƙwayoyin cuta, da kumburin laka. Gurɗewar mahaɗar kwatangwalo da tsinkewar jijiyar gwiwa su ma suna sa kare jan ƙafa, sai dai su ba sa hana shi sanin inda ƙafarsa take, don haka gwajin juya tafin ƙafa yana raba gardama. Abin da ya ƙara wahalar da lamarin shi ne tsohon kare yakan haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan a lokaci ɗaya. Ganin sanyin ƙashi a hoton kwatangwalo bai wanke laka ba, haka ma ganin ɗan faifai ya bulluƙo a hoton MRI bai nuna shi ne mai laifin ba.

A mai zaizayar laka zalla, hoton MRI na yau da kullum ba ya nuna wani danni, ruwan laka kuma lafiya lau yake ko furotin ya ɗan ƙaru. A 2017 masu bincike a Misuri sun nuna cewa wani furotin na zaren jijiya mai suna pNF-H yana ƙaruwa a ruwan lakar masu ciwon, amma shi ma alamar lalacewar jijiya ce gaba ɗaya.

Ga likitan da yake aiki a Kano ko Jos ko Maraɗi akwai ƙarin nauyi. Alseshiyan na cikin karnukan waje da aka fi ajiyewa don gadi da aikin jami'an tsaro a Nijeriya, saboda haka ciwon ba baƙon al'amari ba ne a gare mu. Amma hoton MRI na dabba ba abu ne da ake samu cikin sauƙi ba, ga kuma cututtukan da dole a fara korewa. Ciwon haukan kare yana da nau'in da yake zuwa da shanyewar ƙafafu ba tare da hauka ba. Bambancin yana ga lokaci: shi yana kashewa cikin kwanaki, galibi kafin goma, ita kuwa zaizayar laka tafiyar watanni ce. Duk karen da ƙafafunsa suka shanye cikin 'yan kwanaki, ba a kuma san tarihin rigakafinsa ba, a killace shi, a kiyaye yawunsa, in ya mutu a aika kansa ɗakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da take Vom. Cutar distempa da cututtukan da kaska take yaɗawa da bugun mota su ma suna taɓa laka. Abin da ya rage a hannun likita a irin wannan yanayi shi ne tambaya mai kyau, da gwajin jijiyoyi na hannu, da sake duba karen bayan wata ɗaya ko biyu a rubuta abin da ya canza. Wannan haƙurin ya fi takardar sakamako daga ƙasar waje daraja.

6.0 Jinya

Babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da ciwon. Haɗin da ya shahara na aminokaproyik asid da asetilsistin da bitamin, wanda aka gina bisa hasashen garkuwar jiki, an gwada shi a wani bincike a Girka a 2008, ba a ga ya rage gudun ciwon ba. Magungunan siteroyid ma haka, ga kuma illarsu ta motsar da nama, abin da karen ya fi buƙata. A ganina, rubuta wa mai kare waɗannan magunguna wata da watanni ba tare da gaya masa gaskiyar lamarin ba rashin adalci ne.

Abin da yake da ɗan goyon bayan bincike shi ne gashi da motsa jiki. A 2006, Kathmann da abokan aikinta a birnin Bern suka bibiyi karnuka 22. Tara da aka yi wa motsa jiki mai yawa kullum sun rayu kwana 255 a matsakaici, shida da aka yi wa matsakaici kwana 130, bakwai da ba a yi wa ba kwana 55. Dole a karanta waɗannan alƙaluma da hankali. Adadin kaɗan ne, an yi binciken kafin zuwan gwajin gado, kuma mai karen da ya jure wahalar gashi kullum shi ne dai wanda ba zai yi saurin sallamawa ba. Duk da haka, tazarar tana da faɗi, kuma aikin ba shi da illa.

A aikace, ga yadda abin yake. A fita da karen tafiya gajera sau da yawa a rana, a kan ƙasa ko ciyawa, a guji siminti mai santsi da tayil. A ratsa tawul ta ƙarƙashin cikinsa a tallafe ƙugun. A sa masa safa mai kauri ko ɗan takalmi saboda saɓulewar yatsu. A riƙa lanƙwasa gaɓoɓin baya ana miƙewa, ana murza naman cinya. Iyo yana da amfani inda hali ya samu. A rage masa ƙiba. In ƙafafun sun daina ɗauka, keke mai taya biyu da yake riƙe ƙugu yana mayar masa da yawo, kuma mai walda na unguwa yana iya ƙera shi in an ba shi awo. In ya kwanta, a riƙa juya shi saboda gyambo, a kula da mafitsara saboda cutar fitsari. Lokacin da numfashi ko haɗiya suka fara wuya, ko jinyar ta fi ƙarfin gida, likita ya zauna da mai karen su yi maganar allurar da za ta kawo ƙarshen wahalar. Dabbar da ta shekara takwas tana gadin gida tana da haƙƙin kada a yasar da ita a bayan ɗaki.

7.0 Alaƙa da ciwon ALS na ɗan Adam

Tun 1993 aka san canje-canje a SOD1 suna haddasa wani kaso na ciwon ALS mai shanye jiki, ciwon da ya kashe ɗan wasan Amurka Lou Gehrig a 1941, wanda kuma Stephen Hawking ya rayu da shi fiye da shekara hamsin. Kimanin kashi 2 cikin 100 na masu ALS ne nasu yake da tushe a SOD1. Ɓerayen da ake gwaji da su tun 1994 cusa musu ƙwayar mutum aka yi da yawa. Kare kuwa da kansa yake kamuwa, a tsufansa, a gida ɗaya da mutane, kuma lakarsa ta fi kusa da ta mutum a girma. Akwai dai bambanci, domin a kare hanyoyin da suke sanar da ƙwaƙwalwa matsayin ƙafa ne suke fara lalacewa, a mutum kuma jijiyoyin motsi. A watan Afrilun 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da tofasen, allurar da ake yi a ruwan laka don rage samar da furotin SOD1 a masu wannan nau'i na ALS. Wannan ne ya sa ake sa ran irin wannan hanya za ta amfani karnuka wata rana.

8.0 Kiwo

Ciwon da ba ya fitowa sai bayan shekara 8 yana samun damar yaɗuwa, domin kafin nan karen ya riga ya haifi 'ya'ya da jikoki. A nan ne gwajin yake da amfani na gaske. In aka haɗa A/G da A/G, ɗaya cikin huɗu na 'yan kwikwiyon zai zama A/A. In aka haɗa A/G da G/G, babu A/A ko ɗaya. Ko da A/A ne aka haɗa da G/G, duk 'ya'yan A/G za su fito. Saboda haka babu dalilin fitar da kowane mai ɗauke da canjin daga kiwo. A nau'in da canjin ya haura kashi 70 cikin 100, yin haka zai bar 'yan tsirarun karnuka su zama iyayen kowa, auratayyar dangi ta ƙaru, wasu cututtukan gado su taso waɗanda suke kashewa tun a ƙuruciya. Hanyar da ta dace ita ce a rage yawansa zuriya bayan zuriya, ana auna shi tare da lafiyar zuciya da kwatangwalo da hali.

Kirana ga abokan aiki shi ne kada wani kare ya rasa damar magani, ko ya rasa ransa, bisa harafi biyu a kan takarda kafin a kore faifai da ƙari da kumburi. Ga asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi da suke Zariya da Sakkwato da Maiduguri kuma, ina roƙon duk tsohon karen da ya mutu da shanyewar ƙafafun baya a nemi izinin mai shi, a ciro lakar, a ajiye ta tare da jininsa da tarihin jinyarsa. Masu shigo da karnuka daga waje kuwa, su nemi sakamakon gwajin uwa da uba kafin su biya kuɗi.